Madubin da Baba Ya Zaɓa a Sibiu

Zuwa ga ƙanena Traian,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Otilia da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a Torino, ya sa aikin ginin bai fi ƙarfin bayanka ba. Mu nan lafiya lau, mun gama tara ciyawa, ƙafar Mama ma da sauƙi. Amma ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don labarin da zan ba ka mai nauyi ne.

Ka ce in kai Baba ya zaɓi madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga, kyautarka ta cikarsa shekara saba'in, tun kafin a buɗe farautar akuyar dutse. To, ranar Talata na kai shi shagon kayan farauta a birnin Sibiu. Ka san halin tsohonka, tun a mota yake yi mini karatu kamar ni zan hau dutsen. Wai ba ya son mai nauyi da zai karya masa kafaɗa, yana son mai faɗin gaba da ke jan haske da sassafe, wanda zai kawo masa akuya kusa daga ƙetaren kwari, mita ɗari uku. Mai shagon ya fito da guda uku, ya ce a gwada da agogon cocin da ke ƙarshen titi. Na farko Baba ya ce hazo ne a ciki. Na biyu ya ce na 'yan birni ne masu harbin gwangwani. Da ya kara na uku a idon dama, ya rufe na hagu, sai ya ce yauwa, wannan shi ne madubi, har tantabarar da ke kan agogon yana gani.

Traian, murfin gaban madubin yana rufe. Baƙin murfi, ga shi ƙuru-ƙuru kowa na gani! Mai shagon ya kalle ni, na kalle shi. Bawan Allah ya karɓa ya mayar cikin kwali. A hanya na tsayar da mota na ritsa Baba da tambaya. Da ƙyar ya amsa cewa shekara biyu ke nan idon dama ba ya ganin komai sai duhu, kuma ko Mama ba ta sani ba.

Sai na tuna akuya huɗu da ya kawo a shekara biyun nan, da rassan da ya shigo da su a hularsa. Ka san ba a tsoma reshe a jinin dabba a miƙa wa mutum sai in shi ya harba. Washegari na je wurin Kawu Ilarie, abokin farautarsa, na tarar yana cin tuwon masara da cuku. Ya ajiye cokali, ya ce in rufa masa asiri, shi ne yake harbi daidai lokacin da Baba ya ja kunama, amsa-kuwwar duwatsu ta haɗiye ƙarar, sannan ya tsoma reshe ya miƙa masa. Na yi masa tas, na ce da harsashin makaho ya sami wani fa? Ya sunkuyar da kai, ya ce ya kasa kallon mutumin da ya koya masa farauta yana saukowa hannu rabbana.

Na dawo ina tunanin yadda zan faɗa wa Baba ba tare da na kashe shi ba, sai na same shi a tebur da busassun rassan nan huɗu a gabansa. Ya ce in daina zare ido kamar tunkiya, shekara hamsin yana jin bindigogi, ya za a yi bai san muryar bindigar Ilarie ba? Ya naɗe rassan a hankici ya kai wa Ilarie da kansa. Da ya dawo ya goge bindigarsa ya kulle, ya ba ni makullin. Ya ce in rubuto maka kada a sayi komai sai ka zo, tunda bindigar ta zama taka, idonka ne zai zaɓi madubin yanzu.

Mama tana gaishe ka, haka Goggo Floarea da mijina Sever. Ka sumbatar mini Ilinca da Horia. Makullin yana wuyana, kuma ya yi mini nauyi, ka zo ka karɓa.

Yayarka,
Veturia