Kiran Sallah a Kicin

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, yaya ƙafar taki? Ina fata Malam da sauran mutanen gida suna lafiya.

Matar ɗana Babangida ta sauka, na yi jika namiji, amma ki riƙe guɗarki tukuna. Ranar Asabar muka taso daga unguwarmu Lozells zuwa gidansu a unguwar Hulme, nan Ingila, maigidana Alhaji da dabinonsa a aljihu. Ya karɓi jaririn zai yi masa kiran sallah a kunne, sai Babangida ya ƙwace shi ya mayar gado. Wai, "Baba, no. Ni tun ina uni na daina yarda da waɗannan abubuwan. In ya girma ya zaɓa da kansa."

Yaya, ban ga tashin hannun Alhaji ba, ƙarar marin kawai na ji. Leɓen Babangida ya fashe, jini har kan rigarsa. Da uban ya sake ɗaga hannu, sai Babangida ya cafke hannun ya murɗe, suka zube kan tebur, gilashi ya tarwatse. Mai jego tana ihu tana kiran 'yan sanda.

Ana wannan kokawa na sunkuci jikana na shige kicin. Na kafa bakina a kunnensa na yi kiran sallar da kaina.

Alhaji ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba. Ku sa mu a addu'a, ki gaida Inna da su Rabi. Don Allah ki tambayar mini Malam a asirce: kiran sallar mace a kunnen jariri yana karɓuwa?

Ƙanwarki,
Bilki