Saƙon Alhamis da ke shiga wayar Inna

Zuwa ga yayata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan kina cikin ni'ima a inda kike. Mutanen Gangara duk lafiya. Damina ta yi kyau bana, hatsi ya fara fitar da kai. Isuhu ne ke rubuto miki daga biro ɗinmu, wato ofishinmu na Tanut, ina zaune a kujerarki. Har yau ban canza ta ba, ko da yake gwiwoyina suna bugun teburi, don ke kika zaɓe ta daidai tsawonki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sef, shugaban ofishinmu, ya sanar da mu cewa za a sabunta kwamfutar da muke nazarin farashin kasuwanni da ita. Teknisiye, masanin gyaran kwamfuta, zai zo daga Yamai, ya share komai, ya zuba sabon tsari. Kafin ya iso, an ce in rubuta duk abin da ke cikinta: kowace manhaja da lambar sigarta, inda alƙaluman suke ajiye, waɗanda ke da izinin shiga, da ayyukan da na'urar ke yi da kanta ba sai an taɓa ta ba. A gaban kowane abu in nuna ko a kwashe shi zuwa sabon tsari ko a bar shi. Duk abin da aka bari, ya tafi ke nan.

Kwamfutar nan kamar ɗaki ce, kuma ke kika gina shi da hannunki, Yaya, ni shigowa na yi na tarar. Tun da zazzaɓin nan ya ɗauke ki bara, ban matsar da ko tsinke ba. Masu tattara farashi suna aiko da na hatsi da wake da gyaɗa daga Belbeji da Falanko da Tarka, ni kuwa in danna inda kika koya mini, lissafi ya fito. Yanzu ga shi an ce in buɗe kowane lungu in leƙa.

Sai da na yi dariya ni kaɗai a ranar farko. Na sami fayil mai suna "na ƙarshe", a ƙasansa "na ƙarshe na gaske", a ƙasan wannan kuma "na ƙarshe wallahi". Ke da kike yi mini faɗan barin takalma a ƙofar ɗaki, ashe haka naki ɗakin yake. A tsakiyar wani dogon lissafi kuma na ci karo da layin da kika bari: "Isuhu, kar ka taɓa nan, na san halinka." Ban taɓa ba. Na kwafe shi yadda yake, sannan na fita waje na daɗe a gindin bishiyar bedin nan.

Aikin ya yi ta tafiya har na iso kan saƙon Alhamis. Kin tuna yadda kika tsara shi. Kowace Alhamis da hantsi na'urar tana aika farashin mako zuwa wayoyin manoma. Amma kafin ta aika wa kowa, sai ta fara gwadawa da lamba guda, don a tabbatar saƙon yana fita daidai. Lambar Inna kika sa. Kin ce wai don tana sayen gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, farashin zai amfane ta. Inna da ba ta karatu! Duk mun san dabararki. Da saƙon ya fita sai ki ɗauki waya ki kira ta, ki ce, "Inna, ya shigo?" Daga nan hira ta ɓarke, har sai sef ya yi gyaran murya.

Ke kin tafi, na'urar ba ta sani ba. Tana nan tana aikawa kowane mako. Na san da haka, kuma na bar shi, don a ganina wani ɗan abu ne naki da ke isa gida har yanzu.

Sabon tsarin ba ya karɓar lambar da ba ta ma'aikaci ba wajen gwaji. Da na ga haka sai hankalina ya tashi. Na shiga wurin sef na yi ta bayani. Mutumin kirki ne, ya san ki kafin ya san ni. Ya ce in rubuta a kwashe, shi zai yi magana da teknisiye. Na fito da murna kamar an ba ni kyautar rago, na nemi izini na hau babur zuwa Gangara don in kai wa Inna albishir da bakina.

Na kwana a gida, gari ya waye Alhamis. Ban riga na faɗa mata ba, ina jiran ta gama aiki. Tana tsakar gida tana matsar tunkuza, hannuwanta duk mai, sai wayar ta yi ƙara daga cikin ƙwaryar da take ajiye ta. Yaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta tsaya cak. Ta goge hannu a zane, ta ɗauko wayar, ta zauna a bakin turmi ta aza ta a cinya. Ba ta duba ba, ba ta miƙo mini in karanta mata ba. Kallon wayar kawai take yi. Kiranki take jira. Ta daɗe a haka, har man da ta tace ya fara hucewa, sannan ta mayar da wayar cikin ƙwarya ta koma kan aikinta.

Duk da haka na faɗa mata abin da ya kawo ni, da yadda sef ya yarda. Ta saurare ni har na gama. Abin da ta ce ba shi da yawa: "Ashe ana iya tsayar da shi? Na zaci ba a iyawa, shi ya sa ban yi magana ba. Ka tsayar, ɗana. Na san tana wurin Ubangijinta, amma da abin nan ya yi kuka sai zuciyata ta manta, sai in sake jin rasuwarta sabuwa."

Na yi kuka a gabanta, ita ce ma ta ba ni haƙuri.

Yau na kammala takardar. Komai naki na ce a kwashe, har fayilolin nan uku masu suna ɗaya, har gargaɗin da kika bar mini. A gaban lambar Inna kaɗai na rubuta a bari. Ji na yi kamar ni ne nake rufe miki baki. Ki yafe mini, Yaya. Na san da kin ga zamanta a bakin turmin nan, da ke za ki riga ni gogewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa aikin da kika bari ya zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya ba ta Alhamis mai sauƙi. Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Masu karanta wannan, ku sa ta a addu'a.

Ƙaninki mai kewarki,
Isuhu