Lamba ɗaya da kuka rubuta ba daidai ba za ta mayar da ƙanwata Zugu

Zuwa ga masu kula da littafin bayanin laburaren manhajar da nake aiki da shi, wato tarin shiryayyun umarnan da ake gina manhaja da su.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni mai rubuta manhaja ne a garin Gummi, kuma raina a ɓace nake rubuto muku.

Ƙanwata Rabi ma'aikaciyar lafiya ce. Ƙauye-ƙauye take bi tana rubuta sunayen yaran da za a auna saboda gubar dalma, a garuruwan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gida. Ni na haɗa mata manhajar da take shigar da sunayen. Wayarta tsohuwa ce, iyakar abin da take ɗauka siga ta 3.2 ta laburarenku.

Na ɗaya. A shafinku na bayani, ƙarƙashin umarnin da ke ajiye rubutu a waya in babu sabis, kun rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana nan tun siga ta 3.2. Na yarda da ku. A jerin canje-canjenku kuwa, ashe 3.5 kuka sa. Shafi na uku ko alama babu. Abu guda, magana uku!

Na biyu. Tsohuwar sigar ba ta ma ƙorafi. Ta karɓi umarnin ta yi gum. Rabi ta hau mashin har Zugu, inda babu sabis, hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake binta saboda 'yan bindiga. Mata suka baro gona suka jera mata yara, ta wuni tana shigarwa. Ta dawo Gummi, muka buɗe waya, fayau, ko suna ɗaya bai ajiyu ba. Na san nawa laifin: a Gummi na gwada, inda sabis yake. Amma na gwada ne da natsuwar wanda ya karanta maganarku.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni ƙyama. Na kai rahoto, wani cikinku ya rufe shi, wai ƙaramin kuskuren rubutu ne, kowa ya koma sabuwar siga. Da wace waya? Har yau lambar tana nan yadda take, tana jiran wani.

Roƙona kaɗan ne. Ku gyara wannan layi. Ku sa alamar siga a wuri ɗaya, sauran shafuka su ɗauko daga can. Kada a saki sabon umarni sai wani ya gwada shi a kan sigar da aka ambata.

Rabi ta ce sai ta koma, don yaran ba su da laifi. Innarmu ta daina amsa gaisuwata. Ranar Alhamis ni zan goya ta da kaina, kuma littafi da biro za ta riƙe.

Allah Ya ba ku ikon gyarawa, Ya tsare ku da tura naku irin wannan hanya sau biyu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja daga Gummi.