Haƙorin Dije da Ƙadangarun Katangar Ofishinku

Zuwa ga Mai Girma Sufeton da ke kula da jarrabawar shiga kwaleji a yankinmu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatan ofishinku, har da masinjan bakin ƙofa da ya riga ya haddace fuskata.

Sunana Garba, mai gyaran agogo. Teburina yana Bracodi a unguwar Adjamé, gab da inda gbaka, ƙananan motocin hayar nan, ke sauke fasinja, gidana kuma yana Arras a Treichville, nan aka yanke mini cibiya. Ni ne uban Hadizatu, wadda muke kira Dije, 'yar shekara takwas da wata tara, wadda ta zauna jarrabawar shiga siziyam, ajin farko na kwaleji, tare da yara 'yan goma sha biyu da goma sha uku, ta kuma ci. Ta ci, ranku ya daɗe. Na maimaita ne don daɗin kalmar nake ji a bakina. Ni kaina sau biyu na zauna wannan jarrabawar, karo na biyun har gashin baki ya fara tsiro mini, sau biyun kuma ta yi ƙasa da ni, shi ya sa yau nake leƙen cikin agogon mutane. Saboda haka idan kun ga wasiƙar ƙorafi tana dariya, ku yi mini uzuri. Na yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

Ƙorafina shi ne, ofishinku ya dakatar da sunan Dije daga jerin waɗanda za a raba wa makarantu, bisa zargin ko dai mun rage mata shekaru, ko kuma wata babbar yarinya ce ta rubuta mata. An ce ranar Juma'a mai zuwa za a rufe jerin. Na fito da maganar fili ne domin zargin ya riga ni fita, mata sun fara tattauna shi a bakin famfon gidanmu.

Na ɗaya. Ba ta bayan gida muka shigo ba. Malaminta, Mushe Yawo kamar yadda ake kiransa da Faransanci, shi ya tsallakar da ita aji har sau biyu, don ya gaji da yarinyar da ke ba da amsa kafin talabijin ɗin da ake koyarwa da shi a ajin ya gama tambaya. Shi ya rubuta takardar neman a yafe mata ƙarancin shekaru, ofishinku ya buga mata hatimi, hatimin yana nan a akwatina. Da ya fara kawo mini maganar ƙi na yi, na ce yarinyar da har yanzu take barci da tsumman 'yar tsanarta me ya kai ta konkur, jarrabawar manya. Ya ce gwaji ne kawai, ta ga yadda ɗakin jarrabawa yake, ko ta faɗi ba abin da ta rasa. Da wannan ya shawo kaina. Ni dai na san tun tana shekara biyar take zama a ƙarƙashin teburina, idan mai agogo ya ce nasa yana ƙara minti huɗu kullum, kafin in ɗago kai ta faɗa masa awa nawa zai ƙara a wata.

Na biyu. Ranar da sakamako ya fito a jarida, da yatsa na bi sunayen, na ga nata, na rufe jaridar, na sake buɗewa ko zai gudu. Yana nan. Wallahi ban san lokacin da na bar teburina a buɗe ba, da agogunan mutane a kai, maƙwabcina mai faci ne ya tattara mini. Na shiga mota da gilashin aiki a maƙale a idona, sai a kan gada wata mata ta ce in cire, ina ba ɗanta tsoro. A gida mahaifiyata, Inna, ta rangaɗa guɗar da na daɗe ban ji ba. Bayan kwana uku takardarku ta iso, cewa a kawo yarinyar ranar Litinin a gwada ta baki da baki. Ko a jikina. Na ce a gwada ta da Faransanci, a gwada ta da Julanci, har da Larabcin allo idan ana so.

Na uku, kuma nan ne gaba ɗaya maganar take. Ranar Lahadi, jajiberin gwajin, Dije tana cin masarar gashi, haƙorinta na sama da ya daɗe yana rawa ya fita. Ta kai wa kakarta. Inna kuwa mutuniyar Katsina ce, shekarunta arba'in a Abidjan ba su rage mata komai ba, sai ta gaya mata abin da ake gaya wa kowane yaro a wajenmu: kada ta kuskura ta bar ƙadangare ya ga giɓin, idan ya gani haƙorin ba zai sake fitowa ba har abada. Ni ina wajen aikina a Adjamé ana wannan, ba wanda ya gaya mini.

Ranar Litinin ƙarfe takwas daidai muna ofishinku. Ku ba ku nan, mataimakinku ne ya karɓe mu. Ya ce fankar ɗakin ta mutu, ya sa aka fitar da tebur baranda, aka zaunar da Dije tana fuskantar katangar tsakar gidan, wadda rana ta fara dukanta. Ya miƙa mata littafi ya ce ta karanta. Ta dubi littafin, ta dubi katanga, ta ɗora tafin hannu a baki. Ya tambaye ta sunanta, shiru. Ya tambaye ta bakwai sau takwas, abin da take yi cikin barci, shiru, sai hawaye. Na lallashe ta, na harare ta, har na daka mata tsawa a gaban baƙo, abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Ban ga laifin mataimakinku da ya yi zargi ba, ni kaina a lokacin na fara tunanin ko an yi mata baki ne. Inda na ga laifinsa shi ne, da na roƙe shi ya ba ta alƙalami ta rubuta amsar, ya ce gwajin baki aka sa shi, ba na hannu ba. Duka-duka minti goma sha ɗaya ya ba ta, na duba, sana'ata ce. Ya rubuta cewa yarinyar ta kasa karanta ko layi ɗaya.

Sai da muka shiga bas, ta leƙa ƙarƙashin kujeru, ta duba rufi, sannan ta sauke hannu ta ce, "Baba, ƙadangaru uku ne a jikin katangar, duk suna ɗaga kai suna kallona." Ta buɗe baki ta nuna mini giɓin. Ranku ya daɗe, ban san ina da irin wannan dariyar a cikina ba. Na yi ta har na shiɗe, kwandasta ya zo yana tambaya ko lafiya, na kasa magana, sai nuna masa bakin yarinyar nake yi, ita kuma ta sake toshewa don ba ta yarda da shi ba. Yarinyar da ta lissafa inda jiragen ƙasa biyu za su haɗu a takardar jarrabawa, ƙadangare ya hana ta faɗin sunanta!

Na huɗu. Na sani, kun sani, akwai masu zuwa kotu a yanke wa yaro shekara biyu ko uku don ya samu zama wannan jarrabawar. Na san gidajen da aka yi haka, ba zan faɗi suna ba. Amma takardar Dije ta asibitin haihuwa ce, da rana da awa. Idan ba ku yarda da takarda ba, ku duba bakinta, kotu ba ta dasa wa 'yar goma sha uku haƙoran nono. Maganar wata ta rubuta mata kuma, ga shaida a haɗe da wannan wasiƙar. Na yi muku kwafin wasiƙar da Faransancina na wanda ya faɗi sau biyu, na bar shi a kan tabarma, Dije ta same shi ta bi da jan biro. Kuskure goma sha tara ta kama mini, har ta rubuta a gefe cewa in ƙara ƙoƙari. Ban sake kwafewa ba. Ku ɗauko takardar jarrabawarta ku jera su, ku ga ko hannun ya bambanta.

Akwai abin da ba na dariya a kansa. Shekaranjiya ta dawo daga ɗiban ruwa ta tambaye ni ko gaskiya ne ita ɓarauniyar jarrabawa ce. Rigar makarantar da aka ɗinka mata, wadda aka naɗe bakinta har sau uku don ta yi mata tsawo, ta daina gwadawa. Idan da cewa kuka yi ta yi ƙanƙanta, ta jira shekara ɗaya ko biyu, da na zauna mun yi shawara, don ni ma wani lokacin gabana yana faɗuwa idan na tuna za ta zauna aji ɗaya da 'yan mata masu sa jan baki. Amma a dakatar da ita da sunan maguɗi, wannan ba zan haɗiye shi ba.

Ga roƙona. Na farko, ku sake kiran ta kafin Juma'a, ku gwada ta da kanku, da baki da alƙalami. Na biyu, a goge wancan layin da mataimakinku ya rubuta. Na uku, duk wanda zai ƙara gwada yara ƙanana irinta, idan yaro ya yi shiru ya tambayi dalili kafin ya ɗauki alƙalami.

Da na yi niyyar ƙara roƙo na huɗu, cewa a yi gwajin a cikin ɗaki, tagogi a rufe. Ba sai an yi ba. Yau da safe Inna ta sa yatsa ta taɓa dasashin, ta ji kan sabon haƙori ya huda, fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Tun ɗazu Dije take bin ɗaki-ɗaki tana washe baki, har mai sayar da aceke, dambun rogon nan, ta tsayar ta nuna wa. Gobe ƙarfe takwas daidai za ku same mu a ƙofarku, a bar teburin a baranda. Na tambaye ta ƙadangarun fa, ta ce su zo su saurara.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa ku gama aiki lafiya, Ya raya muku naku 'ya'yan ku ga irin ranar da na gani.

Wassalam.

Garba Mai Agogo, uban Dije,
Arras, Treichville.