Ambulan Ɗin da Na Buɗe

Jibiya,
Jihar Katsina.
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗe miki karatu, Ya tsare ki a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa Islamiyya. Baba ya je Daddara ranar Asabar ya duba gona, ya ce gero ya yi kyau bana. Matar Yaya Lawwali ta sauka, an samu mace, an sa mata Ummu Salma. Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu a hoto maimakon in kira ki. Maganar da ke tafe da ni, bakina ba zai iya faɗarta a waya ba.

Tun da kika tafi Rabat, gidan nan ba shi da wata hira sai taki. Baba ya kai takardar da jami'arku ta ɗauke ki an sa mata leda, ya rataye ta a shago. Duk wanda ya zo sayen yadi sai an nuna masa, alhali shi kansa Baban bai iya karanta ko kalma ɗaya a ciki ba. Inna kuwa ba ta ƙara kiran sunanki ba, kin koma "ɗiyata ta Maroko". Mata suna zuwa barka har daga Gangara, ni ke kawo ruwa, ni ke riƙe waya ina nuna musu hotonki a gaban ɗakin gwaje-gwaje da farar riga. Sai an gama yaba ki wata za ta juyo ta tambaye ni ko har yanzu ina karatun nan nawa na Katsina. Tare muka shiga sashen haɗa magunguna, tare muka yi shekara biyu a ɗaki ɗaya, amma nawa ya zama "karatun nan". Ina murmushi, ina cewa amin, zuciyata kuwa tana ci da wuta. Kishinki nake yi, Mufida, kuma ba tun yau ba.

Kin san lokacin da Gwaggo Salmatu ta zo daga Maraɗi neman wadda za ta riƙe, ni ta ce a ba ta, ba ke ba. Ina shekara bakwai, kina biyar. Na shige bayan rumbu na yi ta kuka, na ce ba inda za ni. Ke kuwa aka ba ki alawa, kika hau mota kina ɗaga mana hannu. A can kika yi lakwal, makarantar bokonsu, shekara shida, kika dawo da Faransanci a baki kamar ruwa. Da aka manna sanarwar cewa jami'ar Rabat za ta karɓi ɗalibai kaɗan daga ƙasashen waje su ci gaba daga aji uku, ni na fara gani, ni na kira ki. Muka nema tare, aka ɗauke ki, aka bar ni. Tun daga ranar nake gaya wa kaina cewa Faransanci ne kawai ya raba mu, kuma Faransancin nan rabona ne na bar miki saboda wautar yarinta. Da wannan nake lallashin kaina.

To, ga abin da ya faru. Makon jiya na karɓo miki takardar sakamakonki na shekara biyu daga ofishin jami'armu, kamar yadda kika ce. An sa ta a ambulan, an buga hatimi a bakinsa, jami'in ya sa hannu a kan hatimin. Kin gaya mini fiye da sau uku cewa a rufe suke son ta, kuma idan ba ta isa ba kafin talatin ga wata, ba za su lissafa miki shekara biyun ba, za a cire sunanki daga aji uku. Duk na ji, na kuma gane. Amma da na dawo gida na ajiye ambulan ɗin a kan akwati, sai ya hana ni sakat. Ke ba ki taɓa faɗa mini makinki ba, kullum sai ki ce alhamdu lillahi. Ni kuwa ina so in gani da idona cewa na fi ki, ko a ce mun yi kunnen doki. Ranar Juma'a da hantsi, Inna tana wanka, na ɗauki reza na bi bakin ambulan a hankali. Rezar ta zame, hatimin ya tsage.

Na karanta layi-layi. Darasi ashirin da huɗu, a biyu kaɗai na fi ki. Har lissafin da nake taƙama ni na koya miki, kin wuce ni da maki goma sha ɗaya. Ashe ba Faransanci ba ne kawai. Ko da ni Gwaggo ta ɗauka, ke za su zaɓa. Na daɗe zaune da takardar a cinya, sannan na nemo gam na liƙe, na ɗora akwati a kai don ya kama.

Ranar Litinin na kai wa Kawu Ya'u a tashar Magama, tunda shi zai wuce da ita Maraɗi ya ba abokinsa mai tashi a jirgi daga Yamai zuwa Maroko. Kin san Kawu, shekara talatin yana tsallake iyakar nan da kaya. Ko aljihu bai sa ambulan ɗin ba. Ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya shafa bakin da babban yatsa. Ya ce ko sabon ɗan duwan, wato ɗan kwastan, da aka kawo jiya zai san an buɗe wannan, balle mutanen da aikinsu ke nan. Ya tambaye ni wa ya taɓa. Na so in ce daga ofis aka ba ni haka, amma ya kafe ni da ido, sai na ce ni ce. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce zai ɗaga tafiyarsa zuwa Talata mai zuwa, daga nan ba zai iya ƙara ko kwana ɗaya ba, don jirgin abokin nasa ranar Alhamis ne.

Jiya na koma Katsina. Jami'in ya ce ba a ba da takarda ta biyu sai mai ita ta nema da kanta, a rubuce, da sa hannunta, ta kuma faɗi abin da ya sami ta farko. Ya ce in buƙatarki ta iso gobe Alhamis, zai ba ni sabuwa ranar Litinin. Ba zan yi miki ƙarya ba, da a ce akwai hanyar da zan gyara wannan ɓarna ba tare da kin sani ba, da har abada ba ki ji ta ba. Babu, shi ya sa na rubuto.

Don Allah da zarar kin karanta, ki rubuta, ki sa hannu, ki tura ta imel ɗin ofishin, na rubuta miki shi a bayan takardar nan, shi ma na ɗauki hotonsa. Wajen dalili ki faɗi gaskiya, ki ce yayarki ce ta buɗe. Ban ce ki yafe mini yau ba, ban kuma ce kishin ya fita ba, yana nan. Amma ba na so ya ci miki shekara biyu. Fushin zai iya jira, ni ina nan ba inda za ni. Takardar ce ba za ta jira ba.

Inna da Baba suna gaishe ki, ba su san komai ba tukuna, ni zan gaya musu da bakina bayan sallar Magariba. Lawwali da mai jego suna gaisuwa, haka ma Kawu Ya'u. Ki gaishe da Mu'minat abokiyar ɗakinki. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Hasiya.