Bunch ɗin Boakye

Yaya Afrakoma,

Gaisuwa mai yawa, ya yara? Ina nan tafe bikin godiyar girbi na cocinmu, kuma da ƙaton "bunch" zan zo. Ki shirya!

Ƙaninki, Boakye

*

Boakye ɗan albarka,

Na ga takardarka, har rawa na taka. Ashe ka tuna da ni, "bunch" guda, wato nonon agade, za ka kawo mini! Kowace shekara Maame Dufie ke kawo nonon agade mafi girma gaban Fasto, a yi gwanjonsa, ta yi ta hura hanci. Bana na miƙe a taron mata na ce nawa sai ƙato biyu sun ɗauka. Ban sayi komai ba, da kai na dogara. Don Allah kar ka kunyata ni.

Yayarka mai ƙaunarka, Afrakoma

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake da ƙyar nake riƙe biro, hannuna duk ya yi kanta. Sai da na dawo Kumasi na tarar da takardarki. Wallahi ba agade nake nufi ba! Mu nan in an ce "bunch", har gungun abokai ake nufi, shi ya sa na kwaso 'yan ƙwallonmu gaba ɗaya.

Da kika leƙa motarmu kika ce, "Ina agaden?" sai na gane an yi rashin fahimta. Amma haba Yaya! Sai ki tasa mu gaba har gaban Fasto, ki ce, "Ga amfanin gonar gidanmu, a yi gwanjonsu, noman yini guda"? Mutane na dariya har da hawaye, Maame Dufie kuwa don kar a ce an fi ta, ta saye mu kaf. Gonar agaden nan tata daji ce! Golanmu ya rantse ba zai ƙara cin agade ba. Abokaina sun daina yi mini magana.

Ki huta lafiya, Boakye

*

Ƙanena,

Sannu da hannu, ka shafa man kaɗe. Fasto ya ce tun da aka gina cocin ba a taɓa kawo abin da ya yi daraja kamar nawa ba. Jiya Maame Dufie ce ta fara gaishe ni, daɗi kamar ya kashe ni.

Sai dai ta ce tsakar rana kuka gudu, yinin bai cika ba. Abin da aka saya a coci ba a tauye shi. Ku dawo ran Asabar, kowa da addarsa.

Taka, Afrakoma