Maganin Baba Iri Biyu

Filadelfiya, Amurka, Nuwamba 1793

Zuwa ga Yaya Keziya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Obadiya da yara. Inna tana nan da sauƙi, Yaya Asahel da Baffa Jabez ma haka. Sai dai ki yi haƙuri, Yaya, ki nemi wuri ki zauna. Baba ya rasu. Zazzaɓin shawara da ya cinye garin nan shi ya tafi da shi. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Kin san tun da Faransa da Ingila suka kama yaƙi, gidanmu ya rabu biyu. Yaya Asahel na Faransa ne, Baffa kuwa na Ingila, ko miya ba a sha sai da gardama. To, ciwon nan ma sai da aka raba shi. Mutanen Baffa suka ce jiragen Faransawa ne suka kawo shi, maganinsa sassaƙe a cikin ruwan inabi. Mutanen Yaya Asahel suka ce ruɓar ƙazantar da ke bakin koginmu ce, maganinsa a tsaga jijiya a rage jini. Da Baba ya kwanta, kowa ya kawo likitan jam'iyyarsa. Baffa ya ce ba za a yi wa ɗan'uwansa yankan rago irin na Faris ba, inda Faransawa ke fille kawunan mutane. Yaya ya ce Baffa ya kai wa sarkinsa na Landan sassaƙen, tunda har yanzu kewar mulkinsa yake yi. A kan Baba suke wannan, ni ina riƙe da kwano.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ga abin da ba su gani ba. Duk wanda ya shigo, Baba sai ya karɓi nasa, ba tare da ɗayan ya sani ba. Da safe ya miƙa hannu a tsaga, da yamma ya shanye sassaƙe. Na ce masa jikinsa ba zai ɗauka ba, ya ce in bar shi, ba ya son ɗayansu ya fita yana ganin an ƙi shi. Idan giwaye suna faɗa, ciyawa ce ke shan wuya.

Maƙwabta duk sun gudu daga gari, babu mai ɗaukar gawa. Mu uku muka kai shi makwancinsa, Baffa da Yaya a gaba, kafaɗa na gugar kafaɗa. Yanzu kowannensu ya yi imani maganinsa kaɗai Baba ya sha, kuma kowanne yana kwana da tunanin shi ya kashe shi. Shi ya sa suka daina gardama, har Yaya yana kai wa Baffa itace.

Roƙona ɗaya ne. Ki rubuto musu ta'aziyya, su biyun a takarda ɗaya, amma don Allah kada ki tambayi wane magani aka ba Baba. In suka haɗa labari, kowa zai sauke laifin a kan ɗan'uwansa, Inna kuwa ba za ta iya da wannan ba.

Ki gaida Obadiya, da Sila, da ƙaramar Hulda da Baba bai samu gani ba. Inna ta ce ki riƙa rufe su da kyau, sanyi ya shigo.

Ƙaninki,
Enos